Aƙidar Zahiri da Kame Hannu a Siyasar Waje da Tsaro

Aƙidar zahiri, wadda malaman jami'a ke ce ma reyalizim, wata hanya ce ta kallon hulɗar ƙasashe da ke cewa kowace ƙasa tsaron kanta da maslaharta take sawa gaba, sabida a saman ƙasashe babu wani sarki ko alƙali mai jandarmomin da za su tilasta ma kowa bin doka. Kame hannu kuma ita ce shawarar da da yawa cikin masu wannan aƙida ke ba shugabanni: kar a aika soja waje sai in rayuwar ƙasa ko wata babbar maslaharta na cikin haɗari, kar a ɗauki alƙawarin da ba a iya cikawa, kuma kafin a harba harsashin farko a san ta inda za a fita. Masu wannan ra'ayi ba su ce yaƙi haramun ne ko ƙasa ta zauna babu soja ba, cewa suke a auna ƙarfi da buƙata tukuna, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Asali

Galibi ana faro labarin daga Tusidid, ɗan Girka da ya rubuta tarihin yaƙin Atina da Sparta (431 zuwa 404 kafin haihuwar Annabi Isa). A cikin tarihin akwai inda wakilan Atina suka je tsibirin Melos wajen shekara ta 416 suka ce ma mutanen wurin mai ƙarfi yana yin abin da ya ga dama ne, marar ƙarfi kuma ya haɗiye. Mutanen Melos suka ƙi miƙa wuya, aka kashe mazansu aka bautar da mata da yara. Mutane da yawa nan suke tsayawa da karatu, amma abin da ya biyo baya shi ne ya fi muhimmanci ga masu kame hannu: shekara guda bayan haka Atina, cikin jin kai, ta ɗauki jiragen ruwa da dubban mayaƙa ta tafi cin tsibirin Sisili mai nisa, kuma zuwa 413 rundunar duka ta halaka can.

Bayansa ana ambaton Makiyabeli na Italiya da Tomas Hobs na Ingila, wasu kuma na sa Ibn Khaldun (1332 zuwa 1406) sabida bayaninsa kan yadda dauloli ke tashi da haɗin kai su faɗi in suka faɗaɗa fiye da ƙarfinsu. A 1848 ministan wajen Ingila Palmerston ya faɗa ma majalisa cewa ƙasarsa ba ta da aboki na har abada ko maƙiyi na har abada, maslaharta ce kawai ke dawwama. A matsayin fannin karatu kuwa sai bayan yaƙin duniya na biyu aka tsara ta, da littafin Hans Morgenthau na 1948, sannan Kenneth Waltz a 1979, sai John Mearsheimer da Stephen Walt da Barry Posen a zamanin nan.

Ginshiƙai

Babu gwamnatin duniya, dan haka kowa ya dogara da kansa. Ba a iya sanin zuciyar wata ƙasa, sai dai a ƙirga ƙarfinta. Makaman da ka saya dan kare kanka maƙwabcinka barazana yake ganinsu, shi ma ya saya, ku duka ku ƙare cikin fargaba. Sannan mutane kowane iri ne ba su son baƙon soja ya daɗe a ƙasarsu, ko da da murna aka tarbe shi ranar farko.

A Amurka

A Amurka ne mahawarar ta fi zafi, tunda ita ce mai ƙarfin shiga ko'ina. Shugabansu na farko George Washington a jawabin bankwana na 1796 ya gargaɗe su kan ƙawancen dindindin, John Quincy Adams kuma a 1821 ya ce Amurka ba ta fita waje neman dodannin da za ta kashe. Morgenthau kansa ya yi adawa da yaƙin Biyetnam tun yana ɗanye. George Kennan, wanda ya tsara dabarar killace Tarayyar Sobiyet a 1947, shi ne kuma a 1997 ya rubuta cewa faɗaɗa OTAN, ƙawancen sojan ƙasashen Yamma, zuwa gabas babban kuskure ne. A watan Satumba 2002 malamai 33 na wannan fanni suka sa hannu a wata sanarwa cikin jaridar New York Times suna cewa yaƙi da Iraƙi ba maslahar Amurka ba ne, ba a saurare su ba, aka shiga a 2003, sojan Amurka kusan 4,500 suka mutu, ƴan Iraƙi kuwa dubu ɗaruruwa, kuma daga cikin tarkacen ne ƙungiyar Da'ish ta fito. Afganistan shekara 20 aka yi, Taliban ta koma Kabul ranar 15 ga Agusta 2021.

Libiya 2011

Ga mutumin Tawa ko Agadas wanga darasi ba sai an buɗe littafi ba. Ranar 17 ga Maris 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙuduri mai lamba 1973 na kare fararen hula a Libiya, ƙasashe 10 suka ce i, har da Najeriya da Gabon da Afirka ta Kudu, biyar suka ƙaurace: Rasha, Sin, Jamus, Indiya da Brazil. Tarayyar Afirka ta kawo taswirar sulhu, ƴan tawaye suka ƙi ta, jiragen OTAN suka ci gaba da ruwan bama-bamai har aka kashe Gaddafi a Sirte ranar 20 ga Oktoba. Mahamadu Isufu ya sha faɗin cewa tun a taron G8 na Deauville a watan Mayu na shekarar ya ja kunnen shugabannin Yamma kan abin da zai faru in gwamnatin Libiya ta ruguje. Idris Debi na Chadi ma a Dakar a 2014 ya faɗa musu a gaban jama'a cewa sun yi aiki sun tafi ba su tsaya gyara ɓarnar ba, Obama kuma a 2016 ya amsa cewa rashin shirin abin da zai biyo bayan Gaddafi shi ne kuskurensa mafi muni.

Abin da ya biyo bayan a kanmu ya sauka. Dubun-dubatar ƴan ci-rani, da yawansu ƴan Adar, suka komo gida a bayan manyan motoci da katifa da jarka, hannu wofi, gidajen da suka saba jiran aike daga Sabha da Tarabulus suka wayi gari da ƙarin bakin ci babu mai kawowa. Rumbunan makamai suka buɗe, bindigogi suka bi hamada. A Janairu 2012 tawaye ya tashi a arewacin Mali, a Maris soja suka kifar da gwamnatin Bamako, a Janairu 2013 Faransa ta shigo Mali da rundunar Serval, wadda ta koma Barkhane a 2014 har sojanta suka haura 5,000. Ranar 23 ga Mayu 2013 aka kai hare-haren ƙunar baƙin wake Agadas da Arlit. Sai Inates a Disamba 2019 inda sojanmu 71 suka kwanta dama, Shinagodar a Janairu 2020 soja 89, sai yankin Tilliya cikin jahar Tawa a Maris 2021 inda aka kashe fararen hula 137 rana guda, Allah ya jiƙansu. Ba duka laifin ba ne za a ɗora ma 2011, akwai talauci da rikicin makiyaya da manoma da sakacin gwamnatoci, amma masu wannan aƙida na kawo Libiya a matsayin misali mafi bayyana na yaƙin da aka shiga ba a yi lissafin maƙwabta ba, kuma gaskiya da wuya a musa musu.

Cikin tarihin Nijar

Ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, babu teku, maƙwabta bakwai, tashar ruwa mafi kusa Kotonu kusan kilomita 1,000 daga Yamai, dole shugabanninta su iya lissafi ko ba su taɓa jin sunan Morgenthau ba. Tun kafin Turawa ma an san irin wannan, misali Lafiyar Toga, sulhun da aka ƙulla wajen 1866 tsakanin Kabi da daular Sakkwato bayan shekaru ana gwabzawa, wanda ya ɗauki kamar shekara takwas mutane na noma da fatauci.

Misalin da ya fi cancanta a tsaya kansa shi ne na Diori Hamani lokacin yaƙin Biyafara (1967 zuwa 1970). Faransa ta De Gaulle ta karkata ga Biyafara, Kodibuwar da Gabon har suka amince da ita a matsayin ƙasa a 1968, kuma Diori na hannun daman Faransa ne, da yarjejeniyar tsaro ta 1961 tsakaninsu. Duk da haka ya tsaya tare da gwamnatin Gowon ta Najeriya, dan ya san iyakar kusan kilomita 1,500 ce tsakaninmu da Najeriya, dabbobinmu can suke zuwa, kaya daga Kano suke shigowa, dangi kuma rabi nan rabi can. Bai aika soja ba, Yamai ya buɗe ma ɓangarorin biyu, aka yi zaman sulhu a watan Yuli 1968 har Ojukwu, jagoran Biyafara, da kansa ya zo. Zaman bai tsayar da yaƙin ba, amma Nijar ta fito ba ta yi asarar maƙwabcinta ba kuma ba ta raba gari da Paris ba.

Seyni Kunce da ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974 ya sallami sojan Faransa da ke Yamai cikin shekarar, amma bai yanke hulɗa ba, a 1977 aka sake sa hannu kan sabbin yarjejeniyoyi, uraniyom kuma ya ci gaba da fita. Da Gaddafi ya matsa da shisshigi sai ya yanke hulɗar jakadanci da Libiya a 1981, ba tare da ya ja ta da yaƙi ba. A 1992 gwamnatin riƙon ƙwarya da baitulmalinta ya bushe ta amince da Taiwan, a 1996 aka komo ga Sin.

Batun tsibirin Lete da ke cikin kogin Kwara tsakanin Nijar da Dahome (Benin ta yau) ma abin koyi ne. Wajen ƙarshen 1963 rigimar ta kai Nijar ta kori ma'aikata ƴan Dahome, Dahome ta toshe hanyar kaya, soja suka matso bakin kogi, sai aka ja da baya aka zauna. Shekaru kusan 40 maganar na kwance har ƙasashen biyu suka kai ta kotun duniya ta La Haye, wadda ranar 12 ga Yuli 2005 ta ba Nijar tsibirai 16 cikin 25, har da Lete. Iyakar Burkina ma kotun ce ta yanke a 2013. Kwatanta wannan da Mali da Burkina da suka yi yaƙi kan zirin Agasher a Disamba 1985 sannan daga baya suka amshi hukuncin kotu ɗaya dai.

Rikicin 2023

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 CEDEAO ta ba sojan Yamai wa'adin kwana bakwai tare da barazanar amfani da ƙarfi, ta rufe iyakoki, Najeriya ta katse wutar da ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkinta. Wanda ya bi ta Ƙonni a lokacin ya ga manyan motoci jere tsakaninta da Illela, direbobi na shimfiɗa tabarma ƙarƙashinsu, albasa na ruɓewa cikin buhu, a Yamai kuma shinkafa da magani suka yi tsada ana kwana cikin duhu. Waɗanda suka taka birki ba masu goyon juyin mulki ba ne duka. Majalisar dattawan Najeriya ranar 5 ga Agusta ta nemi a bi hanyar sulhu, sanatocin arewa suka tuna ma Abuja cewa jahohi bakwai ne ke kan iyakar, Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, tawagar malamai ƙarƙashin Shaikh Bala Lau ta zo Yamai, haka ma Sanusi Lamido tare da Sarkin Damagaram. Hujjarsu ta zahiri ce tsantsa: ko an ci Yamai sai kuma me, wa zai riƙe ƙasar, wa zai ɗauki ƴan gudun hijira, kuma wa zai amfana in ba ƴan bindigar daji ba. Ba a yi yaƙin ba, aka ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairu 2024.

Suka

Masu suka na kawo Ruwanda 1994, inda Majalisar Ɗinkin Duniya ta rage sojanta ana tsakiyar yanka mutane, da Munich 1938 inda lallashin Hitler ya ƙara masa ƙwarin gwiwa. Wasu na cewa da Faransa ba ta shigo garin Konna na Mali a 2013 ba da Bamako ta faɗi, kuma barazanar CEDEAO ce ta fitar da Jammeh daga Gambiya a 2017. Akwai kuma ƙorafin cewa aƙidar ta manyan ƙasashe ce, tana ba su lasisin danne ƙanana. Maganar Ukraniya tun 2022 ta raba masu aƙidar kansu gida biyu.

Halin yanzu

Sojan Faransa kusan 1,500 sun gama fita a Disamba 2023, na Amurka kuma a Satumba 2024 bayan sun bar sansanin jirage marasa matuƙi na Agadas. Nijar da Mali da Burkina sun kafa ƙawancen ƙasashen Sahel na AES a Satumba 2023, suka fice daga CEDEAO a Janairu 2025, suka matsa kusa da Rasha da Turkiyya. A fadodin Yamai wasu na ganin wannan dogaro da kai ne, wasu na cewa sauya ubangida ne kawai. Ma'aunin da aƙidar zahiri ke bayarwa ɗaya ne ga Paris da Washinton da Mosko: me suka kawo, me suke so a madadinsa, kuma ƙauyuka nawa ne na Tilaberi da Tawa da Difa mutane suka koma suna noma.