Matakan wahalar hanyoyin daji da kayan motocin ayari

Matakan wahalar hanya ma'auni ne da ƙungiyoyin masu yawon daji da motoci masu jan ƙafa huɗu, da hukumomin gandun daji, ke amfani da shi don direba ya san abin da ke gabansa tun bai sauka daga kwalta ba. Tsarin ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A garin Moab na jihar Utah a Amurka, inda ake taron masu irin waɗannan motoci mai suna Easter Jeep Safari tun 1967, lamba ake sa wa hanya daga 1 zuwa 10. Ta 1 hanyar burji ce, ta 10 kuwa sai motar da aka ƙera musamman don hawan dutse. A jihar Biktoriya ta Ostareliya aji huɗu ne, kowanne da alamarsa: koren da'ira na mai sauƙi, shuɗin murabba'i na matsakaiciya, baƙin lu'ulu'u na mai wuya, lu'ulu'u biyu na mai tsananin wuya.

Ana duba tsayin hawa da gangare, girman duwatsu, zurfin ruwa da laka, da ko akwai hanyar kewaye wurin da ya gagara. Sai dai lambar ta lokacin rani ce. Ruwan dare ɗaya ya isa ya mai da hanya mai sauƙi ta zama mai kafe mota, shi ya sa madugu na ƙwarai ke tambayar waɗanda suka bi ta kwanan nan. Kuma ba da motar da ta fi ƙarfi ake auna tafiya ba. Da wadda ta fi rauni ake aunawa, da direban da ya fi ƙarancin gogewa, don in ɗaya ta tsaya kowa ya tsaya.

Farkon abin da ake nema a mota shi ne ƙaramar giya, wadda ke ba ta ƙarfin rarrafe a kan dutse ba tare da ƙona kulochi ba, sai tazara mai kyau tsakanin cikinta da ƙasa. A hanyoyi irin su Rubicon ta jihar Kalifoniya, mai tsawon kimanin kilomita 35, inda ake gudanar da taron motoci na Jeepers Jamboree tun 1953, ana son tayoyi masu inci 33 ko 35, da farantin ƙarfe mai kare ƙarƙashin mota, da makullin aksul. Amfanin makullin shi ne, idan taya ɗaya ta ɗaga sama tana juyawa a banza, yana tilasta wa 'yar'uwarta da ke ƙasa ta juya tare da ita.

Yashi kuwa nasa daban. Ana sace iskar taya zuwa wajen 15 ko 20 a ma'aunin psi don ta baje ta hau kan rairayi, saboda haka dole a riƙe famfon mayar da iska. A hamadar Simpson ta Ostareliya, mai tuddan yashi fiye da 1,100, wajibi ne mota ta ɗaura doguwar tuta don mai tahowa ta bayan tudu ya hango ta, kuma ana rufe hanyar daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris saboda zafi. Direbobin Tenere da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku sun san wannan aiki: shebur, farantan da ake shimfiɗa wa taya, safaya biyu, jarkokin ruwa da mai, da tafiya a ayari.

Kayan ceto su ne inda ganganci ya fi kisa. Igiyar fizga, wadda ake fizgo motar da ta kafe da ita, tana miƙewa kamar roba, ta tara ƙarfi mai yawa. Idan aka maƙala ta a ƙwallon ƙarfe na bayan mota da ake jan tirela da shi, ƙwallon na iya karyewa ya taso ya fasa gilashin mota, kuma an yi asarar rayuka ta haka. Wurin ɗaurawa shi ne ƙugiyar da aka ɗaure da kusoshi a jikin shasi. Haka in ana jan mota da winci, wato injin da ke naɗe wayar ja, ana ɗora bargo mai nauyi a kan wayar, mutane su ja da baya nesa.

A kan hanya madugu ne a gaba, gogaggen direba mai kayan ceto a ƙarshe, suna magana ta oba-oba. A kowace mararraba direba zai jira sai ya ga na bayansa kafin ya karya kwana. Wuri mai wuya mota ɗaya-ɗaya ake wucewa, mutum ɗaya tak ke tsayawa a ƙasa yana nuna wa direba da hannu inda zai aza taya. In rafi ne, sai an shiga da ƙafa an gwada zurfinsa da ƙarfin gudunsa kafin motar farko ta sa kai.