Riƙe Ruwan Sama da Ƙasa da Tsirrai a Garuruwan Kano da Jigawa

Riƙe ruwan sama da ƙasa da tsirrai, wanda masu tsara gari ke kira koren tsari, hanya ce ta rage ambaliya ta hanyar sama wa ruwa wurin tsayawa da nutsewa kusa da inda ya sauka. Kayan aikinsa su ne kududdufi, gurbin da aka shuka, kwatar ciyawa, shingen jema, itatuwa da filin da ba a daɓe ba. Lambatun siminti kwashe ruwa yake daga ƙofar na sama ya juye wa na gangare a lokaci guda. Koren tsari kuwa jinkirta shi yake, ƙasa ta sha rabonta, saura ya wuce a hankali.

Sunan ne sabo. An fara gina gurbin shuka na zamani a jihar Merilan ta Amurka wajen 1990, birnin Filadelfiya ya ɗauki shirin koren tsari na shekara 25 a 2011, ƙasar Sin kuma ta zaɓi birane 16 a 2015 don gwada abin da ta kira birnin soso, wato birnin da ke shanye ruwan sama kamar soso. A ƙasar Hausa kuwa, tun da aka fara gini da tubali ake da kududdufi a bayan gari.

Ambaliya iri biyu

Kogin Kano da na Challawa su ne suka haɗu suka zama kogin Haɗeja, wanda ke ratsa Wudil da Ringim ya nufi Haɗeja. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Yashi da ciyawar kachala sun cushe hanyoyin ruwan a ƙasan kogin, shi ya sa idan ya cika yakan fantsama cikin ƙananan hukumomi irin su Auyo, Miga da Kafin Hausa, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022. Wannan ambaliyar kogi ce, maganinta jinga, yashe kogi da kula da sakin ruwan madatsu.

Ta biyu ita ce ta ruwan da ya sauka a kan garin kansa. Damina a yankin takan kama daga Mayu ko Yuni zuwa Satumba, kuma ruwan ya fi taruwa a markar Agusta. Ga rufin kwano ya maye gurbin soro, tsakar gida ta koma daɓen siminti, lungu ya daddaɓe da sawu. Ruwan da a da ƙasa ke shanyewa yanzu ta wuriya yake fita titi. Koren tsari da wannan ta biyun yake aiki.

Lissafin ruwa

Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 8 murabba'in mita 80 ke nan. Idan aka yi ruwa na milimita 40, wanda ba baƙon abu ba ne a Agusta, indararon gidan zai zubar da kusan lita 3,200, wato duro 16 mai cin lita 200. Kwano ba ya shan komai, kusan duka yake saukarwa. Da wannan lissafi ake auna girman kowane gurbi, kuma rashin yin sa ne ke sa a haƙa rami kamar na shuka mangwaro a ce an yi maganin ruwa.

Kududdufi

Kududdufi rami ne da ya samu daga ɗibar ƙasar gini, kuma da yake a gangare yake zama, ruwan unguwa can yake tafiya da kansa. Unguwa mai hekta 10 da ta sami ruwan milimita 40, mita kubik 4,000 ne ya sauka a kanta, kowace mita kubik kuwa lita 1,000 ce. A ce rabi ya gudana, 2,000 ke nan. Kududdufi mai tsawon mita 40 da faɗin 30, idan akwai sararin mita ɗaya da rabi a saman ruwan da ke cikinsa, zai ɗauki kusan 1,800. Ke nan rami ɗaya ya kusa ɗauke wa unguwa guda ruwan dare ɗaya. Duk inda aka cike shi da bola aka yanka filaye, ruwan bai san an sayar ba, yana zuwa inda ya saba, ya tarar da ɗakunan mutane.

Gyaransa aikin rani ne, daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ya ƙafe ko ya ja baya. Ana kwashe laka da shara, a kai lakar gona ko a yi jinga da ita nesa da baki, don kada ruwan farko ya mayar da ita. A kwantar da gaɓa: duk zurfin mita ɗaya a ba shi shimfiɗar mita uku. Gaɓa mai tsaye zaftarewa take, kuma ita ce ke cin yara, domin wanda ya zame ba shi da matakin fita. A bakin mashiga a haƙa ƙaramin rami mai zurfin rabin mita a jera masa duwatsu, yashi da leda su tsaya a nan, inda shebur zai kwashe su cikin sauƙi. Abin da aka fi mantawa shi ne mafita. Dole a yanka wa kududdufi baki a gefen da ya nufi fadama ko rafi, ƙasa da dokin ƙofar gida mafi kusa, a shimfiɗa masa dutse. In ba haka ba, ranar da ya cika shi zai zaɓi hanyarsa.

Ruwan da ke kwana wata da watanni yana da nasa illa: sauro, da katantanwar da ke ɗauke da tsargiya. Shingen ƙaya ko na aduruku yana hana yara wanka. Kwatar masai kuwa ba ta da hurumi a ciki ko kaɗan.

Gurbin shuka a gida

Wannan kwari ne marar zurfi da ake kai masa ruwan indararo. Kafin a haƙa ana gwada ƙasa: a tona rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa, a bari ya shanye, a sake cikawa. Idan na biyun ya tafi cikin kwana ɗaya, wurin ya yi. Ƙasar jigawa mai rairayi takan shanye cikin 'yan sa'o'i. Ƙasar laka ta bakin fadama tana iya kwana biyu da ruwan, kuma a irin ta tanki da kwata sun fi gurbi amfani.

Girmansa kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na faɗin rufin. Ga rufin da aka ambata, gurbi mai mita 4 da mita 3, zurfin santimita 25, zai riƙe lita 3,000. A daidaita gindinsa ya kwanta sumul, a sassauta ƙasar da fartanya zurfin taƙi ɗaya ko biyu, a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki. Inda ruwa ke faɗowa a zuba tsakuwa ko fasassun bulo don kada ya tona rami. A bar masa bakin fita zuwa wuriya.

Tazara ita ce babbar magana a nan. Ƙa'idar da aka saba ita ce aƙalla mita 3 daga gini, amma an yi ta ne don gini mai harsashin kankare. Katangar ƙasa daga gindi take mutuwa: danshi ya hau, ƙasar ta yi laushi, yaɓe ya fara zubowa, sai a wayi gari bango ya kwanta, sau da yawa bayan ruwan ya ɗauke. Ga ginin ƙasa a ƙara tazarar zuwa mita 5, a kuma tayar da gindin bango da burji yadda ruwa zai gangara ya bar shi. Gidan da ba shi da wannan fili kada ya yi gurbi, ya tara a tanki mai murfi, ya zubar da ruwan farko da ya wanke ƙura da kashin tsuntsu daga kwano. Haka nan a nisanta gurbi da masai da rijiya, aƙalla mita 15, domin ruwan da ke nutsewa kusa da shadda yana iya jan ƙazanta zuwa ruwan sha.

Gurbi mai lafiya yana bushewa cikin kwana biyu. Sauro na bukatar kusan mako guda daga ƙwai zuwa tashi, don haka bai samun zama.

Kwatar ciyawa da jema

A gefen hanyar gari, maimakon rami mai tsaye, ana yin kwata mai faɗi, zurfin santimita 30 zuwa 45, gefenta a kwance, gangarenta kamar santimita ɗaya ko biyu a kowace mita. Inda gangaren ya fi haka, a gitta ƙananan jerin duwatsu, tsakiyarsu ta fi gefe ƙasa, don ruwa ya tsallake ta tsakiya kada ya zagaya ya ci gaɓa.

Jema, wadda ake saƙa faifai da zana da ita, saiwarta ƙasa take nufa kai tsaye har mita biyu ko fiye, ba ta yaɗuwa cikin gona, kuma tana jure nutsewa da fari. Ana raba gindinta, kowane kashi da tsiro biyu ko uku, a datse ganyen ya rage kamar taƙi ɗaya, a dasa a layi ɗaya a gicciyen gangare da tazarar santimita 10 zuwa 15, da zarar damina ta zauna. Layin da aka bari da giɓi ya fi babu muni, don ruwa zai taru a giɓin ya fara kwazazzabo. Gamba ma tana yi, sai dai dabbobi sun fi son ta.

Bagaruwa, giyayya da kanya suna jure tsayuwar ruwa, sun dace da bakin kududdufi. Darbejiya ta fi son inda ruwa ba ya kwanciya, kuma a nisanta ta da bango. A gonakin da ke saman gari, kunya mai siffar rabin wata da ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa da ake kira tassa, waɗanda manoman Tawa a Nijar suka shahara da su, suna rage ruwan da ke gangarowa tun kafin ya iso gidaje.

Abin da ke lalata aikin

Laka ce ta farko. Ƙurar hunturu da ƙasar lungu suna shimfiɗa ɓawo a gindin gurbi, ya toshe kamar an shafe shi da siminti. Alamarsa ruwa ya kwana uku bai tafi ba, maganinsa a kankare ɓawon a sassauta ƙasa. Sai takawa: gurbin da ya zama turken awaki ko hanyar babur ya daina sha. Sai leda a bakin kwalbati. Dashen shekarar farko kuma in ba a kewaye shi da ƙaya ba, akuya ba ta kai shi kaka. Garuruwan da mai unguwa ko dagaci ke kiran gayya kafin saukar ruwa, a kuma sake zagayawa a tsakiyar Agusta, su ne aikinsu ke daɗewa. A kan samu tallafin dashe da gyaran ƙasa ta shirin dashen itatuwa don tare hamada da ake kira Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Kano da Jigawa ke cikin jihohinsa 11.

Tsarin yana da iyaka. A garuruwan bakin kogin Haɗeja, inda ruwan rijiya ke tasowa kusa da baki a ƙarshen damina, ƙasa ta riga ta ƙoshi, ana kuwa son aƙalla mita ɗaya tsakanin gindin gurbi da ruwan ƙasa. Ruwan da ya wuce misali ma yana fin ƙarfinsa: birnin Janjo na ƙasar Sin, duk da kuɗin da ya kashe a kan irin wannan aiki, ya nutse a Yulin 2021 da aka yi masa ruwan sama da milimita 200 cikin sa'a ɗaya. Saboda haka ake haɗa shi da kwalbati mai isasshen baki, da barin tsohuwar hanyar ruwa a buɗe daga tsakiyar gari har fadama, ba gini ba juji a kanta.