Waiwaye: Yadda tafiyar gwarzo ta shigo shirye-shirye masu dogon zango

Da wuya mai koyon rubutun labari a Jos, garin da Hukumar Fina-finai ta Ƙasa da kwalejin talabijin ta NTA suke, ya gama karatu bai ga an zana masa da'irar nan a allo ba: jarumi ya bar gida, ya sha wuya, ya dawo da abin da ya samo.

Ba'amurke Joseph Campbell ne ya shimfiɗa tsarin a littafinsa The Hero with a Thousand Faces a 1949, bayan ya kwatanta tatsuniyoyin al'ummomi daban-daban, ya fitar da matakai 17. Ba don masu fim ya yi ba. Sai da mai shirya fim George Lucas ya ce littafin ya yi masa jagora wajen Star Wars na 1977 masana'antar ta waiwayo. A tsakiyar shekarun 1980 Christopher Vogler, yana aiki a Disney, ya taƙaita matakan zuwa 12 a wata takarda mai shafi 7, wadda ta zama littafi a 1992.

To amma Vogler fim mai awa biyu ya yi wa ɗinki, labarin da ke da ƙarshe. Shi kuwa shiri mai dogon zango ba ya son ƙarewa. Dan Harmon, marubucin shirye-shiryen talabijin a Amurka, ya rage matakan zuwa 8, waɗanda ke iya shiga fitowa ɗaya: mutum na zaune lafiya, ya so wani abu, ya shiga inda bai saba ba, ya koyi zaman wurin, ya sami abin, ya biya da tsada, ya koma, ya sauya.

A zango mai fitowa 13, ya kamata kiran ya zo a fitowar farko, jarumi ya fita daga gida kafin ta 3, babbar jarrabawa ta faɗo wajen ta 9 ko ta 10. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne mataki na shida a tsarin Harmon, wato biyan farashi. Yaro ya baro ƙauye, ya kwana a tashar Terminus, ya yi dako a Farin Gada, kwatsam wani Alhaji ya ɗauke shi ya damƙa masa shago. Me ya rasa? Babu. Taimakon dattijo ko malami yana cikin tsarin, amma nasa ya ba da guzuri ya koma gefe. In shi ya warware matsalar, labarin ya tashi daga hannun jarumi. Matsala ta biyu ta kuɗi ce: shiri ya karɓu, a ƙara zango, sai a mayar da jarumin da ya riga ya yi hankali cikin wautarsa ta farko, masu kallo su gaji.

Kuma bai kamata a ɗauki da'irar a matsayin doka ba. Bayajida ya karɓi wuƙa wurin maƙeran Gaya, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri Daurama, amma bai koma Bagadaza ba. A Daura ya zauna. Shirin Cockcrow at Dawn, da NTA ta ɗauka a kewayen Jos a farkon shekarun 1980, ma juya tafiyar ya yi: iyali ne suka bar birni suka koma gona, kuma gida guda ne ya sha wahalar, ba gwarzo ɗaya ba.