Waiwaye: Ina aka rubuta rasuwar kakanninmu?

Duk wanda ya tashi haɗa tarihin gidansu a Bauchi ko Gombe, inda yake fara cijewa shi ne shekarar rasuwa. Sunayen kakanni suna bakin dattawa, wani ma ya jero maka bakwai ba gargada. Amma tambaye shi yaushe wane ya rasu, sai ya ce "da azumin da aka kashe su Tafawa Ɓalewa". Wannan ma an yi dace, domin an san watan Janairun 1966 ne, cikin Ramadan na 1385. Maƙabarta kuwa ba ta ba da amsa. Musulmi ana rufe shi ranar da ya cika, a jera itace ko fasassun tukwane a mai da ƙasa, kuma kafa allo mai suna ba al'adarmu ba ce.

Ba rashin rubutu ya jawo haka ba. Tun zamanin Malam Yakubu a Bauchi da Buba Yero a Gombe akwai alƙalai da magatakarda. Sai dai abin da aka adana na manya ne: jerin sarakuna da shekarun da kowa ya yi a gadon sarauta, da marsiyyar da almajiri kan yi wa malaminsa. Gidajen malamai sun ɗan fi sa'a, don wasu kan rubuta rana da wata da shekarar Hijira a gefen littafi idan an yi haihuwa ko rashi. Wanda gidansu ke da gafakar tsofaffin littattafai, ya buɗe ta a hankali ya duba warƙar farko da ta ƙarshe. Amma a Burmi, kusa da Bajoga, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903 tare da ɗaruruwan mutane, sunayen da suka shiga takarda ba su taka kara sun karya ba.

A Legas an kafa dokar rajistar haihuwa da mutuwa tun 1863. Talakan Arewa bai ga irinta ba. Abin da ya dami Turawa da En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, shi ne haraji, kuma ta nan ne mamata suka shiga takarda a fakaice. Dagaci na da jerin magidantan da ke biya, wanda ya rasu a cire shi. In ka ga sunan kakanka bana, baɗi babu, ka sami bakin zare, ko da yake ƙila ƙaura ya yi.

A ganina, littafin kotun alƙali ya fi kowace takarda daraja ga mai wannan bincike. Idan an kai rabon gado, magatakarda kan rubuta sunan mamaci, matansa, 'ya'yansa, da abin da ya bari: gona, shanu, riguna, bashin da ake binsa. En'e na karɓar ushira, wato kashi ɗaya cikin goma, daga dukiyar, shi ya sa ba a wasa da lissafin. Shafi ɗaya na iya nuna maka gida sukutum, har da ɗiyar da aka aurar wani gari aka manta da reshenta. Da yawan tsofaffin littattafan da Larabci suke, sai an nemi malamin da ya saba da rubutun hannu na da. Abin takaici shi ne yadda gara da yoyon ɗaki ke cin irin waɗannan kundaye, alhali ɗaukar hotonsu da waya ba wani kuɗi zai ci ba.

Takardun lardi suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa (National Archives) da ke Kaduna. Mutumin Gombe ya neme su ƙarƙashin Lardin Bauchi, domin jiharsa sai a 1996 aka ƙirƙiro ta. Ya kuma tuna an ta da hedikwatar masarautar daga Gombe Abba zuwa Nafaɗa a 1913, sannan zuwa Doma, garin Gombe na yanzu, a 1919.

Wasu iyalan aikinsu ya fi sauƙi. A ƙasar Tangale, inda 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka Kaltungo a 1917, sai a fara da littattafan coci da rubutun da ke kan kaburbura. Waɗanda kakansu ya tafi yaƙin Bama (ƙasar Burma, a Yaƙin Duniya na Biyu) bai dawo ba, hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashe renon Ingila ta sa sunayen a intanet. Sai dai sau da yawa sunan gari aka liƙa wa soja a madadin na uba, don haka a gwada Bauchi ko Gombe a gurbin suna na biyu. Matsalar suna ta kowa ce ma: wanda gida ya sani da Tanko ko Ɗan'azumi, a takarda yana iya zama Muhammadu.

Dokar tilasta rajista a duk ƙasa ta zo a 1979, sannan Doka ta 69 ta 1992 ta ɗora aikin a wuyan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Har yau mafi yawanmu ba ma zuwa karɓar takardar shaidar rasuwa sai banki ko ofishin fansho sun nema. Ma'aikaci da mai ajiya ne ke shiga rajista, kamar yadda mai haraji da mai gado suka shiga ta da.

Mata da yara su aka fi bari a baya, kuma nan ne tsofaffin mata suka fi kowane kundi. Wadda ta yi takaba wata huɗu da kwana goma ba ta manta watan da ta shiga ko wanda ta fita. Uwar da ta rasa ɗa tana iya gaya maka goyon wa take yi a lokacin. Ka zauna kusa, ka ce, "Inna, da Malam ya rasu, an yi girbi ko da saura? Wa ke sarauta?" Ka ɗauki muryarta a waya, daga baya ka gwama amsar da jerin sarakuna da kalandar Hijira.