Izinin Zama ta Hanyar Zuba Jari a Tsibirin Moris

Izinin zama ta hanyar zuba jari a Moris, ƙasar da ake rubuta sunanta Mauritius a takardun hukuma, tsari ne da ke bai wa baƙon da ya kafa kasuwanci a tsibirin damar zama da yin aiki tare da iyalinsa. Takardar da ake bayarwa ana kiranta Occupation Permit, kuma ta samo asali ne daga dokar sauƙaƙa harkar kasuwanci ta 2006. Kafin wannan doka, sai baƙo ya nemi izinin aiki a wata ma'aikata, ya nemi na zama a wani ofishi daban. Dokar ta haɗe biyun a takarda ɗaya. Hukumar bunƙasa tattalin arziki, EDB, ita ke duba buƙatar mai nema, ofishin fasfo da shige da fice kuma shi ke ba da izinin. EDB ta fara aiki a 2018, ta gaji tsohuwar hukumar zuba jari.

Abin da ya sa ƙasar ke neman baƙi

Moris tana cikin Tekun Indiya, gabas da Madagaska, kimanin kilomita 2,000 daga gaɓar kudu maso gabashin Afirka. Faɗinta murabba'in kilomita 2,040 ne, mutanenta kuma ba su kai miliyan ɗaya da dubu ɗari uku ba. Babban birninta Port Louis. Ba ta da fetur, ba ta da ma'adinai. Lokacin da ta samu 'yancin kai daga Birtaniya ranar 12 ga Maris, 1968, sukari ne kusan duk abin da take sayarwa waje. Shekaru kaɗan kafin nan, masanin tattalin arziki James Meade ya yi hasashen cewa yawan jama'a da dogaro ga rake za su durƙusar da ita.

Hasashen bai tabbata ba, kuma jarin baƙi na cikin abubuwan da suka hana. A 1970 aka buɗe yankin sarrafa kaya don fitarwa waje, 'yan kasuwar Hong Kong suka shigo da masaƙu. Daga nan yawon buɗe ido ya kafu, sai harkar kamfanonin kuɗi na ƙetare daga farkon shekarun 1990. A 1994 aka janye takunkumin musayar kuɗi, wato mai jari na iya fitar da ribarsa ba sai ya nemi izini ba. Yau damuwar ƙasar ta juye: haihuwa ta yi ƙasa sosai, tsofaffi na ƙaruwa, matasa masu ilimi kuma na ficewa zuwa Faransa, Kanada da Ostareliya. Izinin zama na masu jari wata hanya ce ta cike wannan giɓi.

Sharuɗɗa

Izinin yana da manyan rukunai uku: mai zuba jari, ƙwararren ma'aikaci da wani kamfani ya ɗauka, da mai sana'ar kansa. Mai zuba jari dole ya kasance yana da hannun jari a kamfanin da aka yi wa rajista a Moris, kuma yana cikin daraktocinsa.

Gyara mafi girma ya zo ne a 2020, shekarar da annobar korona ta rufe otal-otal, tattalin arzikin ƙasar ya ragu da kusan kashi 15 cikin ɗari. Gwamnatin Pravind Jugnauth ta rage mafi ƙarancin jari daga dala 100,000 zuwa dala 50,000, ta tsawaita wa'adin izinin daga shekara 3 zuwa 10, ta kuma yarda mai izini ya kawo iyayensa baya ga mata da 'ya'ya. Wa'adin shekara goma ya fi rage kuɗin muhimmanci ga mutane da yawa, domin ba wanda zai gina masana'anta ko ya sa yara makaranta a kan takardar da za ta ƙare kafin kasuwa ta kankama.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne ɗaukar dala 50,000 ɗin a matsayin farashin izini. Kuɗin ba na gwamnati ba ne. Asusun kamfanin mai jari suke shiga, daga waje, a yi kasuwanci da su. Ainihin sharaɗin yana gaba: dole kamfanin ya riƙa ciniki na gaske. A tsarin 2020, ana buƙatar cinikin aƙalla rupi (kuɗin Moris) miliyan 4 a shekara daga shekara ta uku. Hukuma na duba wannan ta takardun harajin da kamfani ke miƙawa, kuma in ciniki ya gaza ana iya soke izinin, na iyali ma ya bi shi. A 2025 gwamnatin Navin Ramgoolam, wadda ta hau mulki a Nuwamban 2024, ta sake gyara ma'aunin cinikin. Kusan kowane kasafin kuɗi na watan Yuni yakan taɓa waɗannan alƙaluma.

Ana neman izinin ta intanet. Mai nema yakan tura tsarin kasuwancinsa da takardun shaidarsa, in an amince a matakin farko sai ya shigo ƙasar, ya yi wa kamfani rajista, ya buɗe asusun banki, ya shigo da kuɗin, a yi masa gwajin lafiya da ya haɗa da hoton ƙirji da gwajin jini. Buɗe asusun banki yakan fi komai cin lokaci. Tun da hukumar FATF mai sa ido kan halasta kuɗin haram ta sanya Moris a jerin ƙasashen da ake lura da su a Fabrairun 2020, bankuna suka tsananta tambayar asalin dukiya. An cire ƙasar daga jerin a Oktoban 2021, amma tsananin bai tafi ba, kuma hakan daidai ne ga ƙasar da amana ce babbar hajarta.

Sama da wannan akwai izinin zama na dindindin, wanda duk da sunansa wa'adinsa shekara 20 ne, ana sabuntawa. A tsarin 2020 ana samunsa ta zuba dala 375,000 a fannonin da doka ta lissafa, ko kuma bayan shekara uku da izinin farko in cinikin kamfani ya kai rupi miliyan 15 a shekara.

Abin da ke jan masu jari

Harajin kamfani kashi 15 cikin ɗari ne. Babu haraji kan ribar sayar da kadara, babu harajin gado. Ana gudanar da shari'a da harkar hukuma da Ingilishi, ana kasuwanci da Faransanci, ana hira a titi da Kiriyol, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta ƙarshe har yanzu tana Landan. Ƙasar mamba ce a Tarayyar Afirka da ƙungiyoyin yanki na SADC (kudancin Afirka) da COMESA (gabashi da kudancin Afirka), tana da yarjejeniyar ciniki da Sin da Indiya, duka biyun sun fara aiki a 2021. Izinin zama shi kaɗai ba ya mai da mutum mazaunin ƙasa a idon hukumar haraji. Babban ma'auni shi ne kwana 183 a cikin shekarar haraji.

Hanyar sayen gida da ƙorafin 'yan ƙasa

Wata doka ta 1975 ta hana baƙo mallakar fili ko gida sai da izini na musamman. A 2002 aka buɗe ƙofa da tsarin IRS, inda baƙon da ya sayi gida na aƙalla dala 500,000 a rukunin gidaje na musamman ke samun izinin zama muddin gidan na hannunsa. Wani tsari makamancinsa, RES, ya biyo baya a 2007, tsarin PDS ya maye gurbinsu a 2015, a 2020 kuma aka rage kuɗin zuwa dala 375,000.

Ta wannan ƙofa ce kaso mai tsoka na jarin waje ke shiga, ba ta masana'antu ba. Faransawa da 'yan Afirka ta Kudu ne suka fi yawa cikin masu saye, sun cika Grand Baie a arewa da Tamarin da Rivière Noire a yamma. Tsoffin gonakin rake sun koma unguwanni masu katanga da filayen golf, manyan masu gonakin suka ci riba. Ɗan ƙasa mai albashi kuwa yana ganin farashin fili a garin da aka haife shi ya fi ƙarfinsa. Ƙungiyar Aret Kokin Nu Laplaz, wadda sunanta ke nufin a daina sace mana bakin teku, ta yi shekaru tana adawa da miƙa gaɓar jama'a ga masu gina otal. Ƙorafin yana da tushe: mai kafa kamfani yana ɗaukar ma'aikata yana biyan haraji kowace shekara, mai sayen gida kuwa sau ɗaya yake kawo kuɗi, a tsibirin da ƙasarsa ba ta ƙaruwa.

Izinin zama da zama ɗan ƙasa

Babu ɗaya daga waɗannan takardu da ke ba da fasfo kai tsaye. Nan Moris ta bambanta da Saint Kitts da Nevis, wadda ke sayar da zama ɗan ƙasa tun 1984, da Dominika da Vanuatu. A kasafin 2018 gwamnati ta kawo shawarar ba da zama ɗan ƙasa ga wanda ya biya dala miliyan ɗaya, jama'a suka yi ca, ba a aiwatar ba. Hanyar da ta rage ita ce ta dokar zama ɗan ƙasa ta 1968. Ɗan ƙasar Commonwealth, kamar ɗan Najeriya ko Ghana, na iya neman rajista bayan zaman shekara 5, hukuncin ƙarshe kuma yana hannun Firayim Minista.