Girgizar ƙwaƙwalwa: buguwar da ba ta son wata buguwa a kanta

A wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 2014, tsakanin Jamus da Ajantina, kan ɗan wasan Jamus Christoph Kramer ya gwabzu da kafaɗar ɗan wasan Ajantina Ezequiel Garay. Ya faɗi, ya tashi, ya ci gaba da taka leda kamar babu abin da ya faru. Can sai ya matsa kusa da alƙalin wasa, Nicola Rizzoli, yana tambayarsa wai shin wannan ne wasan ƙarshe. Kafin a tafi hutun rabin lokaci aka cire shi. Abin da ya same shi shi ne likitoci ke kira girgizar ƙwaƙwalwa. Tambayar a nan ita ce: me zai faru idan wanda abin ya samu ya sha barasa?

Ƙwaƙwalwa, mai nauyin kusan kilo 1.4 a jikin babba, tana iyo ne cikin wani ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan kai ya bugu, ko jiki ya fizgu da ƙarfi kamar a hatsarin mota, sai ta yi tangal-tangal ta daki bangon ƙashi. Galibi babu tsagewa, babu jini, hoton asibiti ma yakan fito lafiya lau, kuma yawancin waɗanda abin ya samu ba sa suma. Ɓarnar tana can ciki: sinadaran da ke shiga da fita ƙwayoyin jijiya sun hautsine, ƙwaƙwalwa na neman ƙarin kuzari don ta gyara kanta, alhali jinin da ke kai mata abinci ya ragu. Daga nan ne ciwon kai yake fitowa, da jiri, da tashin zuciya, da mantuwa, da ƙin haske, da barcin da ya ƙi daidaita. Babba yakan warware cikin mako 2, yaro yakan kai mako 4.

To ina barasa ta shigo? Hausa ta riga ta ba da amsa. Wanda ya faɗi ya daki kansa, "ya bugu" muke cewa. Wanda ya sha ya yi tatul, shi ma "ya bugu". Kamannin bai tsaya a baki ba. Layi a tafiya, magana a lauye, amai, barci mai nauyi, rashin gane mutane: duk alamun maye ne, kuma su ne dai alamun cewa jini na taruwa a cikin kai. Shi ya sa ake so wani ya zauna da majinyaci a awa 24 na farko yana lura da shi. Idan ya kurɓa, ya rufe wa mai jinyar ido. Sai a ce a bar shi ya yi barci giyar ta sake shi, alhali ba giya ce ta kwantar da shi ba. A ganina wannan ne hatsari mafi muni, domin irin wannan zubar jini tana iya barin mutum garau na wasu awoyi kafin ta kayar da shi. Haka ta faru da 'yar fim Natasha Richardson a 2009 bayan ta faɗi a wasan zamiya kan ƙanƙara a Kanada: ta tashi tana magana, kwana 2 bayan haka ta rasu.

Ko an wuce wannan gaɓa, barasa tana taɓa sashen ƙwaƙwalwa na ƙeya, mai riƙe daidaiton tsayuwa, wanda dama jiri ya riga ya raunana. Faɗuwa ta biyu kafin ta farko ta warke tana ja da jinya baya, kuma a wasu lokuta ƙalilan, musamman ga matasa, takan kumbura ƙwaƙwalwa farat ɗaya. Ga barci kuma. Mashaya kan ce tana sa su barci, eh tana sawa, amma barci ne mai yankewa a tsakar dare, ga ƙwaƙwalwar da hutu ne babban maganinta. Mutane da yawa kan tarar kofi ɗaya bayan rauni yana yi musu abin da uku ba sa yi a da. Haɗa barasa da farasitamol, maganin ciwon kai, kuwa hanta ce ke shan wahala.

Babu wani adadin kwanaki da aka yanke wa kowa. Abin da likitoci ke faɗi shi ne a ƙaurace mata har alamun su gushe gaba ɗaya, a huta awa 24 zuwa 48, sannan a fara motsi kaɗan-kaɗan.

Akwai dai mutum ɗaya da wannan shawara ke buƙatar gyara a kansa: wanda ya saba sha da yawa kullum. Idan ya yanke lokaci guda, jikinsa kan ɗauki karkarwa da gumi, har farfaɗiya tsakanin awa 6 zuwa 48. Ga shi dogon sha yana motsar da ƙwaƙwalwa, jijiyoyin jinin da ke samanta su miƙe su yi saurin tsinkewa, jininsa kuma ba ya daskarewa da wuri. Irin wannan, tun a ɗakin gwaji ya kamata ya gaya wa likita gaskiyar abin da yake sha, a janye shi daga barasar da magani ƙarƙashin kulawa.