Me ake nufi da roba mai ɗaukar wuta?

Kowa ya san roba ba ta ɗaukar wuta, wato lantarki ba ya bi ta cikinta, shi ya sa ake naɗe wayar lantarki da ita. Amma buɗe rimot ɗin talabijin ka duba: ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ɗan baƙin ɗigo. Shi ma roba ne, kuma shi ke haɗa wuta idan ka danna. Irinsa ake nufi: robar da aka cakuɗa da garin kabon kafin a zuba ta a mazubi.

Garin dangin kunkunniya ne, daga ƙona ragowar mai ba tare da isasshiyar iska ba. Shi ya sa taya take baƙa. Sai dai baƙin kawai bai isa ba. Baƙin bututun ruwa na kasuwar Ƙofar Ruwa yana da kabon wajen kashi 2 zuwa 3 cikin 100 don kada rana ta cinye shi, kuma wuta ba ta bi ta cikinsa.

Maganar tana ga yadda ƙwayoyin kabon suka zauna a cikin robar. Dubi bulon da ake jerawa a lungu da damina: in suka yi nisa da juna, ba mai tsallakawa, ƙara biyu ko uku, sai kowa ya wuce. Haka kabon yake. A yi ta ƙarawa ba a ga canji ba, sai a kai wata gaɓa inda ƙwayoyin suka sarƙe daga gefe zuwa gefe, nan take ɗaukar wutar ta ninka sau miliyoyi. Wasu masana biyu, Broadbent da Hammersley, sun kafa lissafin irin wannan gaɓa a 1957.

Abin da ya fi burge ni shi ne haɗa roba iri biyu da ba sa gauraya, kamar foliyetilin (robar leda) da folistirin (robar farin soson da ake kare kaya da shi a kwali). Kabon yakan zaɓi ɗaya ya tare a ciki, ko ya jeru a kan iyakarsu. Tun da ya taru wuri guda, kaɗan ya isa ya buɗe hanya. Wannan riba ce babba, domin kabon in ya yi yawa roba takan yi tauri ta riƙa karyewa.

Da roba mai ɗaukar wuta ake yin baƙaƙen farantan ajiye ƙananan kayan cikin wayar hannu, irin waɗanda masu gyara a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ke gani, don kada tartsatsin lantarkin da ke taruwa a jikin mutum ya ƙona su. Akwai kuma fis (abin da ke tsayar da wuta in ta yi yawa) mai gyara kansa: in ya yi zafi robar ta kumbura, ƙwayoyin su rabu, wuta ta ragu ƙwarai, ya huce, su sake haɗuwa.

Don haka masu aikin wuta, kada ku ɗauka kowace baƙar roba kariya ce. Manyan kebul ma suna da baƙin shimfiɗi mai ɗaukar wuta a cikinsu.